Kawu Alƙali da Ƙananan Mugayensa

Ban taɓa zuwa gidan makokin da aka yi dariya kamar na Kawu ba, ban kuma taɓa jin dariyar da ta kai wannan ciwo ba.

An kafa rumfa a ƙofar gidansa da ke Nassarawa, ƙarƙashin manyan darbejiyar nan da suka girme mu duka. Motoci sun cika layin har kwana. Tsofaffin alƙalai sun zo, lauyoyi sun zo, maƙwabta sun zo da direbobinsu da masu gadinsu, kuma direbobin ba a mota suka tsaya ba, tabarma ɗaya suka hau da iyayen gidansu. Daga tagar falon da mu mata muke zaune ina jiyo su. Baƙo zai zo, a yi addu'a, a shafa, wuri ya yi tsit. Can sai wani ya ce, "Allah sarki, Alƙali." Sai labari ya biyo baya, sai ka ji ana ƙoƙarin danne dariya, sai kuma ka hango wani dattijo yana goge ido da hannun babbar riga.

Wani tsohon abokin aikinsa, wanda yanzu sai an riƙe shi yake iya tafiya, ya ce da mazan, "Wannan mutum zai ɗaure ka, ka gama zamanka, ka fito ka sayi goro ka zo gaishe shi. Na gani da idona." Wani lauya mai furfura kuma ya ce, "Ni ya taɓa kirana ofishinsa, fuska a murtuke, ya tambaye ni ko na san inda shari'ar Malam Buta ta kwana. Na yi ta bin magatakarda ina neman fayil ɗin. Ashe mutumin a littafin yara yake."

A cikin gida, Umma, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta ƙi cin komai. Da na zauna kusa da ita sai ta yi atishawa, irin tata mai zuwa a jere. Ta dube ni ta ce, "Yanzu wa zai ƙara kirana Sarkin Atishawa?" Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Wata baƙuwa ta ɗan ɓata rai da jin hayaniyar da ke fitowa daga rumfa. Inna, matar Kawu, ta ɗago kai daga carbinta ta ce, "Ku ƙyale su. Da yana nan shi zai fara."

Za a faɗi cewa Kawu alƙali ne mai gaskiya, masanin fiƙihu da dokar boko, wanda bai taɓa karɓar abin hannun kowa ba. Duk haka ne, kuma ina alfahari da shi. Amma idan a nan aka tsaya, jikokinsa za su ɗauka wani mutum ne mai tsare gida wanda ba a wasa a gabansa. Saboda su nake wannan rubutu.

A hannunsa na tashi. Bayan rasuwar mahaifina, ya je ya ɗauko ni ya sa ni makaranta tare da 'ya'yansa. Gidan irin na Turawan da ne, mai dogon baranda da jan rufi. Maƙwabta duk sun tayar da katanga sun ɗora mata waya, shi kuwa ya bar tsohon shingen fulawarsa, ya ce yana son ya riƙa ganin masu wucewa. Lokacin da gwamnati ta ba shi gidan yana matashin alƙali, ya tarar da kwali a sito wanda Baturen da ya tashi ya bari. Littattafan komik ne, masu zane-zane, na jaruman nan da ke tashi sama da mayafi ɗaure a wuya, sun ɗora kamfai a kan wando. Ya ce ya ɗauko ɗaya ne don ya kunna wuta da shi, sai ya tsaya dubawa, har wutar ta mutu. Daga nan ya riƙa bin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari yana ƙarawa.

Jaruman ba su taɓa burge shi ba. Yakan ce, "Mutumin da harsashi ba ya huda shi, wace jarumta ya yi?" Manyan mugayen ma, masu son mallake duniya, ba ya ɓata lokaci a kansu. Nasa su ne ƙananan, waɗanda ke fitowa sau ɗaya, a yi musu duka a shafi na ƙarshe, ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ya raɗa musu sunayen Hausa.

Bayan la'asar yakan zauna a baranda da jallabiya, tabarau a kan hanci, mu kewaye shi. Ba karantawa yake yi ba, fassarawa yake yana ƙara gishiri. Akwai Malam Buta, wanda ya ƙera wa kansa rigar ƙarfe mai siffar butar shayi, tana fesa tururi don ya makantar da masu gadin banki. Matsalar ita ce duk lokacin da ta tafasa sai ta yi fito, 'yan sanda su jiyo shi tun daga wata unguwa. Kawu ne ke yin fiton da bakinsa, har Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, maƙwabta fa suna ji." Akwai Sarkin Atishawa, masanin kimiyya da ya haɗa garin da zai sa birni guda atishawa, ya manta bai rufe nasa hancin ba. Akwai Ɗan Tsatsa, wanda duk ƙarfen da ya taɓa sai ya ruɓe. Ya narkar da ƙofar ma'ajiyar banki, ya kwaso kaya, ya fito a guje ya kama murfin motarsa. Akwai kuma wanda ya ƙudurta sace takalman hagu na mutanen gari kaf, don dole a zo a saya a wurinsa. Kawu ya ce, "Wannan ko a masallacin Juma'a ba a taɓa yin irinsa ba."

Mukan yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Shi ma yana yi, amma idan aka zo shafin da ake jan mutumin zuwa kurkuku, rigarsa a yage, sai ya tsaya yana kallon hoton. Wata rana na tambaye shi me ya sa ya fi son waɗannan wawayen.

Ya ce, "'Yata, su na sani. Kullum su ake kawo min. Tunda na fara zama a kan kujerar nan ba a taɓa gurfanar min da mai son mallake duniya ba. Wanda ya saci akuya ya sa mata hula ya goya ta a keke, shi ake kawowa." Ya buga yatsa a kan hoton Malam Buta. "Dubi wannan. Ya iya ƙira, ya iya lissafi. Da ya kai rigar nan kamfani, da an ɗauke shi aiki ranar. Wani ne bai tsaya ya gaya masa ba."

Wannan ta zama karin maganarsa. Idan ya ga an kama wani da abin kunya, ko an ba shi labarin wani da ya lalace, sai ya girgiza kai ya ce, "Wani ne bai tsaya ya gaya masa ba."

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ya riga ya yi ritaya. Ranar zaɓe ya yi wanka ya sa farar shadda kamar ranar idi, ya bi layi a rana, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. 'Yan takara sun yi ta zuwa neman albarkarsa. Yakan saurare su da kyau, ya yi musu addu'a, ya raka su har mota. Akwai wanda ya zo da tawagar motoci an liƙe su da hotunansa, ya yi alƙawarin abubuwa har da wanda babu mai iya yi. Da suka tafi muka ce, "Kawu, wannan wane ne a cikin naka?" Ya ce, "Kada ku ci mutuncin mutanena. Nawa mutanen da kansu suke zuwa satar, kuma su ake duka."

Sai batun Shari'a ya taso. Ina so a fahimce ni a nan, domin na ji wasu suna faɗin abin da ba haka ba. Kawu ya yi murna da zuwanta. A zauren malamai ya fara karatu tun kafin ya ga allon boko, kuma ranar da aka yi babban taron ƙaddamarwa ya je, ya dawo idanunsa jajur. Abin da ya riƙa tsoro shi ne zumuɗin mutane. Kowa a gari ya zama malami. A teburin mai shayi, a cikin tasi, babu zancen da ake sai na bulala da yanke hannu, kamar a nan littafin ya fara kuma a nan ya ƙare.

Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana cikin na gaba-gaba. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah da gaske, sai dai zuciyarsa a kusa take. Shi ke shugabantar wani kwamitin sa-kai na matasa a Tudun Wada. Wata ranar Juma'a ya shigo falo, ya tsaya a gaban kantar da littattafan suke, ya ce, "Yaya, lokaci ya yi da za a fitar da waɗannan a ƙone. Hotuna ne. Kuma kai ba ƙaramin mutum ba ne. Mutane na shigowa, me za su ce?"

Kawu ya ce, "Za su ce tsoho yana da komik."

"Yaya, ba wasa nake ba. A falon nan ake jam'i idan ana ruwa."

Kawu ya cire tabarau. Sai ya ce, "Wannan ka yi gaskiya. Bai kamata a yi salla suna gaba ba." A ranar ya sa muka kwashe su zuwa wani ɗaki a bayan gida. Da muka gama ya ce da ƙanin nasa, "Na fitar da su. Ƙonawa kuwa, sai ka kawo min hujja, mu zauna mu duba. Idan ka fi ni, ni zan kawo ashana." Kawu Ƙarami ya kawo littattafai, shi ma ya fito da nasa. Sun yi ta yi har aka kira magariba, babu wanda ya sauka. Ba a ƙone su ba, ba a kuma mayar da su falo ba.

Rigimar da ta fi wannan ta zo ne ta dalilin talo-talo.

Inna tana kiwon su a bayan gida, tana ji da su kamar 'ya'ya. Sai guda biyu suka ɓace, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka, ga Baba maigadi a ƙofa bai ga shigar kowa ba. Baba mutumin Jigawa ne, ya tsufa a gidan, abin ya dame shi har ya fara zancen aljanu.

Ina jami'a lokacin, na zo hutu. Bayan azahar ne, zafi ya kwantar da kowa, sai muka ji Baba yana ihu, "Alhaji! Alhaji! Fulawa tana gudu!"

Na leƙa ta taga. Wallahi wani yanki na shingenmu ne ya tashi yana gudu a tsakar gida, ragon layyar Inna yana bin sa. Mutum ne. Ya ɗinka buhu ya zama riga har ƙasa, ya soke shi da rassan fulawa irin ta shingenmu sak, ya shafa koren fenti a fuska. Haka yake tsugunawa a jikin shinge, ya riƙa matsowa a hankali har ya kai ga talo-talo. Ranar sai ragon ya tsinke igiya, ya ga ganye ya matso kusa, ya fara ci. Mutumin ya daure. Ragon ya cinye na kafaɗa, ya koma na baya, ya haɗa da fata. A nan haƙuri ya ƙare. Ga talo-talo a hammata yana kuka, ga rago yana tunkuyi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kafin ya kai shinge masu gadin maƙwabta sun tare shi. Direbobi suka fito, masu wucewa suka tsaya. Wani ya kwaɗa masa sanda a baya, wani ya sa ƙafa ya kwashe shi. Na ji wata murya ta ce, "Ai yanzu Shari'a ake, hannu za a cire!" Wasu suka amsa da kabbara. Wani direba ya ruga ya ɗauko Kawu Ƙarami, ya iso da matasansa. Mutumin yana ƙasa, jini na bin koren fentin, yana ta cewa, "Don Allah, don Annabi." Ya cusa hannunsa na dama a ƙarƙashin cikinsa ya kwanta a kai. Har yau ina ganin wannan.

Kawu ya fito da jallabiyar barcinsa, ko hula babu. Bai ɗaga murya ba. Ya ratsa mutane ya tsaya a kan mutumin, ya ce, "Wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa." Ya juyo ya ce da ni, "Kawo ruwa a buta." Da hannunsa ya zare rassan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba masa ruwa ya wanke fuska. Sai ga magidanci, ba yaro ba, ramamme, har da 'yar furfura a gemu.

Kawu ya tambaye shi sunansa da garinsu. Ya faɗa. Ya ce aikin lambu yake yi a wani gidan kamfani a nan Nassarawa, kamfanin ya rufe, ya yi ta yawon neman aiki babu, ga iyali a Kawaji. Ya amsa cewa shi ya ɗauki biyun farko, ya sayar.

Kawu ya ɗaga buhun yana jujjuya shi. "Wa ya ɗinka maka wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Fulawar fa? A ina ka samo irin tawa?"

"A bayan gidan da na yi aiki. Na duba taku tukuna, na ga mai jan fure ce, na nemo irinta."

Na ga gefen bakin Kawu yana rawa, amma bai yi dariya ba.

Kawu Ƙarami ya matso ya ce, "Yaya, ya amsa da bakinsa, ga shaidu. A miƙa shi kotu a yi masa abin da Allah ya ce."

Kawu ya ce, "Abin da Allah ya ce yana da sharuɗɗa, ka sani. Tsuntsun nan a kulle yake ko yana yawo a bakin shinge? Ya kai ƙimar da ake yanke hannu a kanta? An binciki yunwarsa? Kuma kafin duk wannan, mai kaya tana da ikon yafewa muddin magana ba ta je gaban alƙali ba."

"To ai ga ta a gaban alƙali."

"Ni na yi ritaya. Yau mijin mai talo-talo ne ni."

Ya bar mutumin a hannun Baba maigadi ya shiga ciki, na bi shi. Inna tana tsaye a kicin, ta riƙe ƙugu, ranta a ɓace. Tun kafin ya buɗe baki ta ce, "Alhaji, kada ma ka fara. Ka shekara kana karanta ɓarayi masu kayan hauka, yau ga shi sun biyo ka har gida. Ni na san wahalar da na sha a kan tsuntsayen nan."

Ya ce, "Hajiya, haƙƙinki ne, ba nawa ba. Idan kin ce a tafi kotu, ni zan tuƙa motar. Abu ɗaya nake roƙo, ki fito ki gan shi tukuna."

Ta dube shi. Sai ta ja mayafi ta fita.

Mutane suka buɗa mata. Mutumin yana durƙushe, ganye ɗaya maƙale a bayan kunnensa. Inna ta fara faɗa. Ta yi masa tas. Ta ce da girmansa da gemunsa, ya rasa abin da zai zama sai fulawa. Ta ce da ya yi sallama ya ce yana jin yunwa, akwai wanda ya taɓa fita daga gidan nan da ciki wayam? Ta ce ya sa Baba ya kusa zaucewa da zancen aljanu. Tana faɗa, yana cewa, "Gaskiya ne, Hajiya." Da ta gaji ta tsaya tana haki, ta dubi hannun nan da yake ta ɓoyewa.

Ta ce, "Na yafe. Duka ukun. Amma shingen da ka fasa ka shigo, kai za ka gyara shi. Kuma daga yau idan za ka shigo min gida, ka shigo ta ƙofa, da sallama, a siffar mutum."

Wani daga cikin masu gadin ya tuntsire da dariya, sauran suka bi, har wanda ya kawo sanda. Taro ya watse a haka. Kawu Ƙarami ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, ka mayar da Shari'a wasan yara." Kawu ya ce, "Shari'ar ce na yi, tun daga farkonta." Ƙanin ya shiga mota ya tafi, ya ɗauke ƙafa daga gidan. Abin ya yi wa Kawu ciwo sosai, domin shi ya raine shi. Da Babbar Salla ta zo bai jira a zo masa ba. Ya ɗauki cinyar ragon nan da kansa, ya tafi Tudun Wada, ya ce, "Ga wanda ya kama ɓarawon, na kawo maka shi." Umma ta ce a nan Kawu Ƙarami ya kasa riƙe fuska. Har Kawu ya bar duniya ba su daidaita a kan wannan magana ba, amma ba su ƙara rabuwa a kanta ba.

Mutumin ya dawo washegari da almakashin lambu na aro. Ya gyara inda ya fasa, ya wuce ya daidaita shingen gaba ɗaya, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Kawu ya riƙa kai shi gidajen maƙwabta da kansa, yana cewa, "Ga mai lambu. Ya san fulawa ciki da waje." Bai ɓoye musu abin da ya faru ba, ya ce shi ya tsaya masa. Yau gidaje da yawa a layinmu shi ke kula da lambunsu, kuma yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin Kawu.

Mu yaran gida mun so mu raɗa masa suna, kamar yadda Kawu ke yi wa na littafi. Wani ya ce Sarkin Ganye. Kawu ya ji. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da mu kamar ranar ba. Ya ce, "Waɗancan takarda ne, ba su da 'ya'yan da za a tsokana a makaranta. Wannan yana da sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa. Da shi za ku kira shi, ku sa Malam a gaba." Sai da ya tabbata mutumin, wanda ya zo aiki ranar, ya fita daga layin, sannan ya rufe ƙofar ɗakinsa. Muka jiyo shi yana dariya har da tari, yana cewa, "Fulawa tana gudu!"

A shekarunsa na ƙarshe ido ya yi rauni, ciwon suga ya kwantar da shi. Na riga na yi aure, nakan zo da yamma in zauna da shi. Da safe a karanta masa Alƙur'ani, da yamma kuma wani lokaci ya ce in je ɗakin baya in ɗauko masa ɗaya daga cikin mutanensa. Ni ke karantawa, shi yana gyara min murya.

Zuwana na ƙarshe kafin a kai shi asibiti, ya kwatanta min wani da ban taɓa gani ba, a can ƙasan kwali, bangonsa ya cire. Labarin wani ne da ya kira Mai Tsani. Yana da tsani da ke naɗewa ya shiga aljihu, idan ya warware shi kuma ya kai kowane bene. Dabararsa ita ce ya hau hasumiyar birni ya sace hannun babban agogo, wai idan mutane ba su san lokaci ba, ba za a rufe banki ba. Na karanta muna dariya har inda ya kai ƙololuwa, ya miƙa hannu ya kama hannun agogon, ga jarumin ya sauka a gindin tsanin yana kallon sama. Na juya shafi, babu komai. An yage sauran.

Na ce, "Kawu, ƙarshen ya ɓata."

Ya ce, "Haka na same shi. Yana can a sama tun ina saurayi."

Na ce ai yanzu akwai shagunan intanet, zan iya sa a nemo mana yadda ta ƙare.

Ya ɗaga hannu. "Kada ki kuskura. Duba da kyau. Ya cire hannun agogon?"

Na duba. "A'a. Ya dai kama."

"To bai yi sata ba tukuna. Duk lokacin da na buɗe, ina sa ran zai yi tunani ya sauko da kansa."

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Na daɗe ina yanke wa mutane hukunci, 'yata. Wasu na yi daidai, wasu Allah kaɗai ya sani. Yanzu ni za a kira. Amma Alƙalin da zan tsaya a gabansa ya fi ni sani, kuma ya fi ni tausayi nesa ba kusa ba. Da wannan na dogara." Ya buɗe ido ya yi murmushi. "Mayar da shi ƙasan kwali. A hankali, kada ki girgiza masa tsani."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ya tsaya wa masu rauni a lokacin da tsayawar ke da wuya, ya riƙe marainiya bai taɓa bari ta ji maraici ba. Ka yi masa sassaucin da ya fi wanda ya yi wa bayinka, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna da Umma da Kawu Ƙarami haƙurin rashinsa. Mu kuma da ya bari, ka sa mu zama masu tsayawa mu gaya wa mutum tun bai kai hannu ba. Amin.